TALLA A FACEBOOK: WA ZAI SA HANNU CIKIN TSIBIN HATSI?

 

Talla tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Tun kaka da kakanni an san mai shela a bakin kasuwa, an san dillali, an san 'yar talla da faifai a ka. Abin da ya sāke a yau shi ne wurin da ake yin ta. Ɗan kasuwa a Kantin Kwari, ko uwargida mai haɗa turaren wuta a cikin ɗakinta, sai su biya Facebook ko Instagram kuɗi, a kai hoton hajarsu gaban dubban mutanen da ba su taɓa gani ba.

An kafa Facebook a 2004, ya sayi Instagram a 2012, kana kamfanin ya koma amsa sunan Meta a 2021, kuma kusan dukan kuɗin da yake samu daga talla ne. Mai haja yakan sa hoto da bayani, ya zaɓi garin da yake so, da shekarun masu kallo, da maza ko mata, da abin da suke sha'awa, sa'an nan ya yanke abin da zai kashe kowace rana. Duk sa'ad da mutum ya buɗe shafinsa, na'ura takan yi gwanjo tsakanin masu talla cikin ƙiftawar ido, ta duba wanda ya fi tayi da wanda mai kallon ya fi yiwuwa ya saurara, ta nuna nasa.

Asalin wannan biya ba laifi a cikinsa, domin ijara ce, kamar wanda ya ɗauki mai shela ya biya shi ladansa. Abin tambaya shi ne: me aka ba mai shelar ya faɗa, kuma wa aka aike shi ya gaya wa?

Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce ta wurin wani tsibin abinci a kasuwa, ya sa hannunsa ciki, sai ya ji danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Manzo ya tambaye shi dalilin da bai sa jiƙaƙƙen a sama ba don mutane su gani, kana ya barranta daga mai algus. To, a kasuwar da aka saba, mai saye yana da hannu. Yakan taɓa atamfa, ya shaƙi turare, ya ɗaga kwano ya duba gindinsa. Mai saye ta waya kuwa ba shi da komai sai hoto da maganar mai kaya. Tun da hannunsa ba ya kaiwa, nauyin sa hannu cikin tsibin ya koma kan mai sayarwa, shi zai tono jiƙaƙƙen ya ɗora a sama.

Ƙofofi uku ne algus ya fi shigowa ta cikinsu. Ta farko hoto: a ɗauko hoton kayan wani, ko a gyara launi har yadin da ya koɗe ya yi sheƙi. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ake karantawa a zaurukan malamai, ya jera yaudara da ɓoye aibi cikin abubuwan da ba su halatta a ciniki.

Ta biyu yabon ƙarya. Ana sayen mabiya na bogi, ana sa 'yan uwa su rubuta cewa sun saya sun ji daɗi alhali kuwa ba su saya ba. Wannan ɗan'uwan najashu ne, watau mutum ya ƙara tayi ba don zai saya ba, sai don ya ruɗi wani. Buhari da Muslim sun ruwaito hani a kansa daga Abdullahi ɗan Umar.

Ta uku, wadda ta fi ɓuya, ita ce zaɓen wanda zai ga tallar. Neman masu bukata ba aibi ba ne. Mai sayar da takin zamani manoma zai nema. Amma akwai mai farautar raunin mutane: mai ciwon da ya ƙi ji, da matar da ke neman haihuwa, da saurayin da ya rasa aiki, a yi musu alkawarin abin da ba shi hannun kowa sai Allah. Ko a Amurka an yi ƙorafi kan wannan zaɓe. A 2019 kamfanin ya yarda ya hana masu tallar gidaje da ayyuka da bashi ware mutane ta shekaru ko jinsi, a 2022 kuma ya cire zaɓen da ya shafi lafiya da addini da launin fata.

Wani zai ce kamfani ya duba tallarsa ya amince, na'ura ce kuma ta rarraba ta. Sai dai na'ura ba ta ɗaukar zunubi. Wanda ya rubuta, ya zaɓa, ya biya, shi ne mai magana, kuma ƙaryar da dā kunne goma za su ji, yanzu an biya kuɗi don dubu goma su ji ta. Hukumar NAFDAC na da ka'idojinta kan tallar magunguna, dokar 2022 kuma ta kafa ARCON don lura da talla a Nijeriya, amma iyakar Musulmi ta riga tasu, domin Mai kallonsa ba ya gyangyaɗi.

Saboda haka lalle ne mai talla ya sa hoton ainihin kayansa, ya faɗi yadi nawa ne, na ina ne, nawa ne kuɗinsa, ya ambaci aibinsa in akwai, ya kuma karɓi kayan in an mayar saboda aibin da bai bayyana ba, domin wannan haƙƙi ne da fiƙihu ya ba mai saye. Mai yiwuwa masu kiransa su ragu. Amma hadisin Hakimu ɗan Hizamu ya nuna cewa albarkar ciniki tana tare da gaskiya da bayyanawa, ƙarya da ɓoyewa kuwa suna shafe ta.

Allah ya tsare 'yan kasuwa daga cin haram, ya sa albarka cikin nema. Amin.