LASISIN HUKUMA BA YA HALATTA CACA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Fiyayyen Halitta.

Bayan haka, a ƙasar Birtaniya, musamman a garuruwan bakin teku irin su Blackpool, akwai gidajen wasa waɗanda iyaye kan kai 'ya'yansu lokacin hutu. A cikinsu akwai injuna iri-iri. Wanda ya fi shahara shi ne akwatin gilashi cike da 'yan tsana, yaro ya jefa kuɗi, ya tuƙa wani ƙugiya, in ya kamo abu ya zama nasa, in ya kuskure kuɗin sun tafi.

Hukumar ƙasar ba ta bar waɗannan gidaje kara zube ba. A Dokar Caca ta 2005, wadda ta fara aiki sosai a 2007, an kasa injunan caca rukuni-rukuni, aka ƙyale yara su taɓa mafi ƙanƙantarsu kawai. Mai son buɗe gidan da irin waɗannan ƙananan injuna kaɗai ke ciki sai ya nemi takardar izini daga ƙaramar hukuma, ita kuwa ba za ta bayar ba sai ta shawarci shugaban 'yan sanda, kuma takardar tana aiki shekara 10. Injin ƙugiyan nan an ƙayyade masa: kada zubi ya wuce fam 1, kada darajar kyauta ta wuce fam 50. Amma injin da gwaninta tsantsa ce ke kawo nasara a cikinsa, dokar ba ta lissafa shi cikin injunan caca ba.

Babu shakka wannan tsari yana rage ɓarna. To, amma tambayar doka guda biyu ce: sa'a ce ko gwaninta, kuma nawa ne kuɗin? Shari'a kuwa wata tambaya take fara yi: daga aljihun wa kyautar ta fito, kuma wa ya yi asara kafin wani ya samu? Allah Maɗaukakin Sarki Ya haramta caca a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91, Ya haɗa ta da giya, bai kuwa ware ƙarama daga babba ba. Malamai sun bayyana caca da cewa ita ce duk mu'amalar da mutum zai shiga da dukiyarsa alhali yana tsakanin ci da asara. Gwaninta ba ta fitar da ita daga wannan siffa. Mutum biyu da suka zuba kuɗi a kan dara, mai ci ya kwashe, ai gwanaye ne, amma caca suka yi.

Wani zai ce, ai Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya yarda da kyauta a tseren doki da raƙumi da harbin kibiya. Haka ne. Sai dai a duba yadda Imamu Malik ya tsare ƙofar: idan ɗayan 'yan tseren ne ya fitar da kyautar, to in shi ya ci ba za ta koma hannunsa ba. A gidan wasa kuwa, 'yar tsanar da yaro ɗaya ya ɗauka, kuɗin yaran da suka tafi hannu rabbana ne suka saye ta, mai gida kuma ya riƙe ragowa.

Wannan ba ya nufin wasa haramun ne. Wanda ya biya kuɗi don ɗansa ya hau lilo ko ya tuƙa motar wasa, haya ya yi, ya san abin da ya saya, kuma ya same shi. Aibin yana shigowa ne sa'ad da kwaɗayin kyauta ya zama shi ke fitar da kuɗin daga aljihu.

Abin tsoro a nan ba fam 1 ba ne, tarbiyya ce. Yaron da ya saba da cewa "bari in ƙara sau ɗaya" yana ɗan shekara 7, wa zai raba shi da ita in ya kai 20? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saboda haka uba Musulmi, a duk ƙasar da yake, kada takardar da ke rataye a bango ta ruɗe shi. Hukuma ce ta ba da ita, kuma ba ita za a nuna ba ranar da za a tambayi kowane makiyayi abin kiwonsa.

Allah Ya shirya zuri'ar Musulmi. Wallahu a'alamu.