Waƙar Mashaya a Kunnen Mai Salla

A kasuwar Ƙofar Wambai na tarar da wani dattijo mai sayar da gwanjo yana sauraron "A Sha Ruwa" ta Mamman Shata a wayarsa, yana gyaɗa kai. Da aka kira azahar, ya kashe, ya ɗauki buta. Na san shi, ko ƙofar mashaya bai taɓa takawa ba. To, me yake nema a waƙar da kowa ya san giya take kambamawa?

Wani zai ce munafunci ne. Ni ban yarda ba. Shata ya rasu a 1999, Kano ta ƙaddamar da shari'a a 2000, amma waƙar tana nan, daga kaset ta koma waya. Abin da dattijon yake ji a cikinta kalangu ne, da gwanintar Hausa, da ƙuruciyarsa.

Ba mu kaɗai ba ne. Taken ƙasar Amurka, wanda aka tabbatar a 1931, karinsa aro ne daga waƙar wata ƙungiyar 'yan shagali ta Landan, mai yabon giya.

Sai dai su sun sauya baitocin, mu kuwa namu suna nan yadda suke. Dattijon ya san inda zai tsaya. Jikansa da ke zaune a gefensa fa? Goge waƙar ba zai koya wa yaron komai ba, gobe zai same ta a intanet. Gara kakan ya zaunar da shi, ya gaya masa wane ne Shata, da abin da ya ɗauka a wajensa, da abin da ya bar masa.