Dokar Gwaji Kafin Aure da Cikin Sikila: Amsa ga Mai Tambaya Daga Keffi

Tambaya:

Allah ya gafarta Malam, ni saurayi ne mazaunin Keffi. Na daɗe ina neman wata yarinya, an kai kuɗin gaisuwa, har an sa rana. Limamin unguwarsu ya ce ba zai ɗaura ba sai ya ga takardar gwajin jini. Da muka je asibiti aka ce ni AS ne, ita ma AS. Wani abokina ya ce gwajin nan ƙirƙirar gwamnati ce irin dokar Kano, kuma gwamnati ba ta da hurumi a aure. Wani kuma ya ce mu yi aurenmu, in ta sami ciki a gwada, in SS ne a zubar. Shin gwamnati na da ikon sa doka a kan aure? In aka ɗaura ba takarda, auren ya yi? Zubar da irin wannan ciki ya halatta?

Amsa:

 Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗana, na ji zafin da ke cikin wasiƙarka, Allah ya zaɓa muku mafi alheri.

Halattawa da haramtawa na Allah ne shi kaɗai. Ba gwamna, ba majalisa, ba sarki da ya isa ya ƙara wa aure rukuni ko ya rage. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda ɗalibai ke karantawa a Risala ta Ibn Abi Zaid da sharhohinta, aure na tsayawa ne da waliyyi, da sadaki, da siga, da shaidu adilai biyu, tsakanin mutum biyu da babu abin da ya haramta su ga juna. In waɗannan suka cika, aure ya ɗauru, ko da takardar asibiti ko babu, kuma 'ya'yan da aka haifa 'ya'yan sunna ne, suna gado ana gadonsu.

Amma abokinka na farko ya tsaya a rabin hanya. Shugaba yana da ikon taƙaita abin da yake halal idan barinsa sake zai jawo wa jama'a cuta. Malaman fiƙihu, irin su Suyuɗi, sun kafa ƙa'ida cewa duk abin da shugaba zai zartar kan talakawansa ana auna shi ne da maslaharsu. Auren mace ma'abociyar Littafi halal ne a Suratul Ma'ida, duk da haka da Huzaifa ya auri Bayahudiya, Sayyidina Umar ya rubuta masa ya rabu da ita. Huzaifa ya tambaya ko haramun ce, Umar ya ce ba ya cewa haramun ce, abin da zai biyo baya yake tsoro. Ka duba aikin Hajji ma: farilla ce, amma maniyyaci ba ya hawa jirgi sai da shaidar allurar sanƙarau. Ba wanda ya ce allura ta zama rukunin Hajji, ba kuma mai hankalin da ya ce a yi watsi da ita.

Dokar da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa wa hannu a Kano a watan Mayun 2024, wadda ta wajabta gwajin sikila, ƙanjamau, ciwon hanta da tunjere kafin ɗaurin aure, a wannan babin take. Saudiyya ta wajabta gwajin sikila kafin aure tun 2004. Ko a Kano aka kafa irin wannan doka ko a jiharku ta Nasarawa, hukuncin ɗaya ne: binta wajibi ne ga wanda ta hau kansa, mai saɓa mata da gangan ya yi laifi kuma hukuma na iya hukunta shi, amma aurensa bai ɓaci ba. Limaminku kuwa bai zo da bidi'a ba. Ya kare kansa daga sa hannu a cutar da wani.

Inda gwamnati za ta ƙetare iyaka shi ne ta haramta halal ɗungurungum, kamar yadda Tunisiya ta hana ƙarin mace tun 1956, ko ta buɗe ƙofar abin da Allah ya rufe. Nan babu biyayya. Nasarawa jiha ce ta Musulmi da Kirista, kuma sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya bar wa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumin auren Musulmi, don haka duk dokar da za ta taɓa aure ya kamata a zauna da malamai da alƙalai tun tana daftari. Ina kuma ganin zalunci ne a wajabta wa talaka gwaji sannan a bar shi da tsadarsa. Hukumar da ta ce dole, ita ya kamata ta sauƙaƙa kuɗin a asibitocinta, ta kuma bi sawun masu sayar da takardar bogi, don sun fi saurayin da bai da kuɗin gwaji laifi nesa ba kusa ba.

Yanzu ga taku matsalar. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato sikila. Ka lura, kowane ciki lissafinsa daban. Wasu suna zaton in an haifi huɗu ɗaya ne kawai zai kamu, alhali ana iya jera uku duk masu sikila, ana iya kuma tsira gaba ɗaya. Kafin ka yanke shawara, ka je Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke nan Keffi lokacin hunturu, ka zauna kusa da ɗakin yara. Za ka ga yaron da idonsa ya yi rawaya, hannuwa da ƙafafu sun kumbura, yana kukan ƙashi, uwarsa ta kwana tana matsa masa jiki, ubansa yana waya yana neman wanda zai ba da leda ɗaya ta jini. Wannan yaron ba a yi shawara da shi ba ranar da aka raba goro. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana cuta da cutarwa, kuma tawakkali bai taɓa nufin ƙin bin sababi ba. Ban ce aurenku haramun ne ba, domin cutar ba tabbas ba ce. Na ce makaruhi ne mai ƙarfi, kuma da kai ɗan cikina ne da na roƙe ka ka haƙura. Fasa aure bayan an sa rana yana da ciwo, amma a kan wannan dalili ba yaudara ba ce, kuma bai kamata dangi su mayar da shi gaba ba.

Shawarar abokinka na biyu ita ce mafi haɗari. Hadisin Ibn Mas'ud da ke cikin Bukhari da Muslim ya nuna ana busa rai bayan kwana 120, kuma daga nan malamai sun haɗu a kan haramcin zubar da ciki, sai in likitoci amintattu sun tabbatar rayuwar uwa ce a kan gaɓa. Malikiyya sun fi kowa tsanani: abin dogaro a wurinsu, kamar yadda Dardir ya kawo, haramci ne ko da ciki bai kai kwana 40 ba. Lakhmi ya sassauta kafin kwana 40, amma gwajin da ke gano SS a ciki sai wajen mako 10 ake fara yinsa, lokacin wancan sassauci ya wuce. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yi rangwame a 1990 kan ɗan tayi mai mummunar nakasa da ba ta da magani, kafin kwana 120, bisa rahoton kwamitin likitoci. Ban ga sikila ta shiga nan ba. Masu sikila suna cikinmu, suna karatu a Jami'ar Jihar Nasarawa, suna aure, suna haihuwa. Balle a ƙulla aure tun farko da niyyar tace 'ya'ya, a bar wannan a cire wancan. Dokar ƙasa ma a nan ta dace da shari'a: sashe na 232 na kundin Final Kod na Arewa ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 ga mai zubar da ciki, in ba don ceton ran uwa ba.

Saboda haka ka yi istihara, ka sami iyayenka da nata ku faɗa musu sakamakon yadda yake, kada ka nemi takardar ƙarya. Iyaye kuma ina roƙonku, ku sa a yi gwajin nan tun ranar da yaro ya fara sallama a ƙofar gida, kafin a karɓi ko sisin kwabo.

Allah ne Mafi sani.