Kufai da Gumi: Gonar Wa Ce?

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Daura ya ratsa ta Kazaure, ko ya karkata wajen duwatsun Roni da ƙauyukan Gwiwa, ko ya yi gabas ya nufi Ɓaɓura, ba zai rasa cin karo da kufai ba. Za ka ga tsohuwar kuka, da rijiyar da ta cike, da ɗan tudun da yake nuna an taɓa yin katanga a wurin. Yawancinmu wucewa muke yi. Amma ya kamata marubuci ya tsaya ya tambayi kansa: su wa suka haƙa rijiyar nan, su wa suka sare dajin nan har ya zama gona, kuma da aka watse, hannun wa gonar ta faɗa?

Kafin zuwan Turawa, noma a ƙasar Hausa ba a kan gandun iyali kaɗai ya tsaya ba. Akwai rinji, wato ƙauyen bayi masu noma wa sarki, ko hakimi, ko attajiri. Masana tarihi Paul Lovejoy da Jan Hogendorn, a littafinsu na 1993, sun ƙiyasta cewa bayin da ke Daular Sakkwato lokacin da Turawa suka ci ta sun kai tsakanin miliyan 1 da miliyan 2.5. Masarautar Kazaure, wadda Ɗan Tunku ya kafa wajen 1819, yanki ce ta wannan daula. Saboda haka maganar nan ba ta baƙi ba ce, tamu ce.

Da Lugga ya zo, bai 'yanta bayi kai tsaye ba. Dokarsa ta 1901 ta hana kamu da cinikin bayi, ta kuma ce duk ɗan da aka haifa bayan 31 ga Maris na wannan shekara ɗa ne. Amma wanda ya riga ya shiga bauta sai ya fanshi kansa a gaban alƙali. Da Kano ta faɗi a watan Fabrairu na 1903, bayi da yawa ba su jira alƙali ba, suka kama hanyar garuruwan da aka ɗebo su. Wasu iyayengijin ma sun bar gidajensu sun bi Sarkin Musulmi Attahiru gabas, wasu suka kwanta dama a Burmi, wasu suka zarce Sudan. Sai ga gonaki ba manoma, ga gidaje ba masu su.

To, me hukuma ta yi? Tsoronta shi ne kada noma ya tsaya, haraji ya yanke. Don haka aka tsare a hana bawan da ya gudu samun gona a inda ya sauka, aka kuma ƙarfafa tsohuwar al'adar murgu, wato bawa ya yi aikin kansa yana biyan ubangidansa wani abu lokaci lokaci, yana kuma tara kuɗin fansa a gefe. Dokar ƙasa ta 1910 ta mayar da filaye duka ƙarƙashin ikon Gwamna, rabo kuwa yana hannun hakimai da dagatai. Ba a soke bauta ɗungurungum ba sai a 1936. Ke nan yaron da aka haifa a rinji a 1900 sai da ya shekara 36 kafin doka ta ce ba mai iko da wuyansa.

Mai karatu, dubi wannan lissafi da kyau. Mutum ya yi shekara ashirin yana noma ba lada. Ranar da aka tashi sasantawa, ba a ce ubangida ya biya shi ladan shekarun nan ba, shi aka ce ya biya. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Wannan ba halin ƙasarmu kaɗai ba ne. A 1833 da Ingila ta soke bauta a yawancin ƙasashen da take mulka, fam miliyan 20 ta ware diyya, kuma masu bayi aka bai wa, ba bayin ba. A Amurka, a 1865, an kafa hukuma ta musamman don kula da 'yantattu da filayen da masu su suka gudu suka bari lokacin yaƙin basasa. Har an fara yanka wa wasu iyalai eka 40, sai Shugaba Andrew Johnson ya sa aka mayar wa tsofaffin masu gonakin kayansu. Da yawa daga 'yantattun suka koma noman raba daidai a gonar da suka yi bauta, bashi ya maye gurbin mari. An gudu ba a tsira ba.

Adalci ne mu saurari ɗaya ɓangaren. Ubangida zai ce da dukiyarsa ya saya, a zamanin da shari'a da al'ada ba su hana ba, shi ya ciyar, shi ya tufatar, shi ya aurar. Zai ce wasu bayin sarki, irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama a Kano, sun fi 'ya'ya da yawa faɗa a ji. Zai kuma ce cucanawa da dama sun zauna da son ransu, domin ba su san wani gida ba sai wannan. Duk akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma ciyar da wanda yake noma abincin ba kyauta ba ce. Ɗaukakar mutum uku a fada kuma ba ta share hawayen dubbai a rinji. Zaman wanda ba shi da wurin zuwa kuwa, ba a kiransa zaɓi.

A ganina, gumi hujja ce ta mallaka. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da sanin cewa wanda ya raya matacciyar ƙasa yana da haƙƙi a kanta. In haka ne, wa ya raya rinji? Wanda sunansa ke kan ƙauyen, ko wanda kanta ta fito wa a tafin hannu? Idan mai gona ya tafi ya bar ta, ban ga wanda ya fi cancanta da ita ba kamar wanda ya san kowace kunya da kowane kututture a cikinta. 'Yancin da ba gona, ba lada, takarda ce kawai, yunwa za ta mayar da mai ita ƙofar da ya fito.

Wani zai ce me ya kawo tonon asiri, bayan shekara ɗari ta wuce? Amsa ita ce abin bai wuce ba. Har yau ana fasa aure idan bincike ya kai ga wata kalma guda a kan kakan yaro. Har yau ɗan ƙodago yana wuni a gonar wani, magariba ta yi a ce masa ya dawo gobe. Har yau ana kawo yarinya daga ƙauye aikatau, kuɗin aikinta ya tsaya a hannun dillaliya. Tambayar da aka kauce wa a 1903 ita ce dai take bin mu: wa ke da haƙƙi a kan gumin mutum?

Ba ina kira a tayar da shari'ar gonaki ba ne, jikoki ba su ci bashin kakanni ba. Kirana ga 'yan'uwana marubuta ne. Mun cika littattafanmu da 'ya'yan sarauta da 'ya'yan alhazai, mun haddace jerin sarakuna, amma ba mu san sunan ko mutum ɗaya daga waɗanda suka haƙa rijiyoyin da garuruwanmu suka sha ba. Tsofaffin da suka ji labarin daga bakin kakanninsu suna ƙarewa. Mu je mu zauna da su, mu saurara da ladabi, mu sakaya sunan da ya kamata a sakaya, mu rubuta. Ba mu iya biyan ladan da aka hana su ba, amma muna iya hana a manta cewa ba a biya ba.

Allah Ya sa mu zama masu sauke haƙƙi tun kafin ranar da ba fansa, ba murgu. Amin.