Dokar da Ba a Zauna da Mu Ba

Har yau Amurka ba ta shiga Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta 1989 ba. Amma a 2005, da Kotun Ƙolinta ta hana kashe wanda ya yi laifi kafin ya kai shekara 18, sai ta ambaci yarjejeniyar. Ba wanda ya tilasta mata. Ta duba ne ta ga duniya ta bar ta a baya.

Mu 'yan Sabo mun san wannan. Dokokin garin nan da yawa ba a zauna da mu ba aka yi su, amma muna bi. To, don tsoro ne ko don adalcinsu? In tsoro ne, ran da ido ya kau sai mu karya. In adalci ne kuwa, dokar ta zama tamu.