Ɗan Adam da Nafsinsa a Sararin Samaniya

Tun da masu shirya fina-finai suka soma ƙaga labaran tafiya zuwa taurari, an sha nuna mana jarumin da ba ya tsoro, ba ya ƙarya, ba ya kuskure, sai ka ce mala'ika aka sa wa rigar ƙarfe. Amma duk wanda ya yi tadabburi zai gane cewa irin wannan jarumi ba shi da abin da zai koya wa mai kallo, domin ba a ɗaukar izina daga wanda bai taɓa shiga jarrabawa ba.

A dubi fim ɗin Interstellar, wanda Christopher Nolan ya fitar a 2014. Dakta Mann shi ne aka shaida da fifiko cikin mutum 12 da aka tura neman wata duniyar da za a koma, alhali tamu tana mutuwa. To, da ya sauka a duniyar ƙanƙara wadda ba a iya rayuwa a cikinta, kaɗaici ya dame shi, sai ya aika da bayanan ƙarya don a zo a ɗauke shi, bal ma ya fasa gilashin hular Cooper, wanda ya zo cetonsa, ya bar shi yana shaƙar iska mai guba. Ilminsa bai ragu da ƙwayar zarra ba, zuciyarsa ce ta gaza. Haka nan a Solaris na Tarkovsky, na 1972, masani Kelvin ya je binciken wata duniya, sai ya tarar da surar matarsa wadda ta kashe kanta, wato nadamar da ya ɗauko daga gida.

Wannan shi ne abin da Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya tsawaita bayani a kansa cikin littafinsa Ihya'u, inda ya nuna cewa ujubu da riya da son rai cututtuka ne na zuciya, waɗanda yawan karatu ba ya warkar da su sai an haɗa da mujahada. In kuwa haka ne, nisan tafiya ma ba zai warkar da su ba, tunda nafsul ammara tana cikin kumbon tare da mai ita.

Wasu na ganin nuna aibin jarumi kamar ƙawata aibin ne. Lalle akwai wannan haɗari, amma mizanin shi ne ko labarin ya nuna aƙibar laifi: ha'incin Mann shi ya halaka shi, Kelvin kuwa bai tsira daga tuhumar ransa ba. Saboda haka fim ɗin da ya nuna mutum da rauninsa da sakamakon aikinsa ya fi kusa da gaskiya, ya kuma fi amfanar mai kallo, bisa ga wanda ya tsarkake shi daga kowane aibi.