Ɗuri Ɗaya, Harbi Ɗaya

A dazuzzukan Amurka akwai talotalon daji, tsuntsu mai girma, ga gani kamar na shaho, ga tsananin tsoro, ko kara ya ji ya karye sai ya yi ta kansa. Mutanen ƙasar kuwa suna da bindigogin zamani, waɗanda a kan harba sau uku ko fiye ba a sake ɗuri ba. Duk da haka akwai maharban da ke barin waɗannan a gida, su saɓa wadda a ke ɗurawa ta baki, watau 'yar'uwar bindigar toka. To, wauta ce ko hikima, mutum ya rage wa kansa iko da gangan?

Kafin a yanke hukunci ya kamata a dubi yadda aikin ya ke. Maharbi ya kan zaɓi bindiga mai faɗin baki, lamba 12 ko lamba 10, don ta ɗauki ƙwayoyin dalma da yawa. Ba ya shiga daji da ita sai ya gwada ta. Ya kan zana kan talotalo da wuyansa a takarda, ya kafa ta nisan yadi 25 ko 30, ya harba, ya ƙidaya hudoji. Nisan da hudojin suka fara ƙaranci, nan ne iyakarsa, ba ya ƙetare ta.

Ɗurin ma da ƙa'idarsa. Da fari ya kan zura sandar ɗuri ya tabbata ba kome a ciki. Sa'an nan ya auna baƙin albarushi da ma'auni, ba ya tuttulawa daga gora, don kada a sami ragowar tartsatsi wuta ta kama gorar a hannunsa. Albarushin zamani marar hayaƙi kuwa ba ya kusantarsa, gama ya kan fasa irin wannan bindiga. Bisa albarushi ya danna kwali mai kauri da ɗan ulu, ya zuba dalma lamba 5 ko 6, yawanci cikin ma'aunin nan da ya auna albarushi, ya rufe da kwali marar kauri. 'Yar hular da ke ta da wuta ita ce ta ƙarshe, ba a sa ta sai an zauna wurin kwanto. Abin mamaki, wanda ya yi haɗama ya ƙara albarushi don harbi ya yi nisa, sau da yawa sai dalmar ta watse, tsuntsu ya tsira ta tsakiya. Ashe gaskiyar masu magana, ganga in ta cika zaƙi fashewa ta ke yi.

Wani zai ce wannan duk wahalar banza ce, har ma da zalunci a ciki, domin in harbin fari ya raunana tsuntsu, kafin a sake ɗuri ya shige kurmi ya mutu a wulaƙance. Wannan magana tana da nauyi, ba a raina ta. Amma fa mai harsashi uku shi ya fi saurin harbi daga nesa, yana dogara ga na biyu ya gyara ɓarnar na fari. Mai ɗuri ɗaya ba shi da abin dogara sai haƙuri. Tilas ya koyi kukan macen talotalo, ya zauna kamar kututture har namiji ya matso, in kuwa ya tsaya bayan iyaka, ya ƙyale shi ya tafi. In ya kasa wannan, lalle zargin ya hau kansa.

Mutanen Amurka sun ɗanɗana abin da iko ba linzami ke haifarwa. Saboda saran daji da harbi don kasuwa, wajen 1930 talotalon daji ya ƙare ƙaf a jihohi da dama. A 1937 aka kafa dokar da ta keɓe harajin bindigogi da harsashi don raya namun daji. Daga 1951 aka sami dabarar kama su da raga a Karolina ta Kudu, aka riƙa kai su inda suka ɓace. Aka kuma ƙayyade lokacin farauta da yawan wanda mutum zai kashe. Yau ana samunsu a jihohi 49 cikin 50, ban da Alaska.

Doka ta kan tsare hannun mutum daga waje, amma a tsakiyar daji ba ɗan doka sai zuciya. Wanda ya saba auna albarushinsa, ya san iyakar bindigarsa, ya iya komawa gida hannu wofi ba da baƙin ciki ba, ya mallaki abin da ya fi nama. Haka ya ke ga mai sarauta, da mai dukiya, da mai kaifin harshe. Allah ya sa mu san ma'auninmu, amin.